"A Yi A Hankali, Direba": Daren Da Tafiyar Sannu Ta Kusa Halaka Mu A Hanyar Taba

  

Akwai maganar da babu uwar da ba ta taɓa faɗinta a bakin mota ba. Kin raka ɗanki tasha, ko maigida zai kama hanya, ko an zo ɗaukar amarya, sai ki leƙa ta taga ki ce, "Don Allah direba a yi a hankali." Ni ma haka nake faɗa, haka na ji iyayena suna faɗa, kuma ba zan daina ba. Sai dai yau ina so mu duba wani ɓangare na maganar da ba mu cika dubawa ba. Akwai titin da tafiyar hawainiya a kansa laifi ce a doka, kuma tana kashe mutane. Titin nan ba a ƙasar waje yake ba, shi ne wanda muke bi kullum tsakanin Zariya da Kano.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa na ɗauko zancen.

Makonni uku da suka wuce mun je suna a Taba, can ƙasar Kudan, gidan dangin maigidana. Ni da surukata da yarana biyu, ƙanin maigidan ne ya ja mu. Kin san halin biki. An ce da la'asar za mu taso, sai ga wance ba ta gama sallama da wance ba, sai ga ƙullin mazarƙwaila da za a ba Hajiya ba a kawo ba, sai aka ce ai gara a yi magariba gaba ɗaya. Kafin mu fito daga hanyar ƙauye mu hau babban titi duhu ya rufa, ga hazo ya sauko. Hajiya tana gaba da carbinta, tun daga ƙofar gida take maimaita wa ɗan nata, "Kai dai bi sannu, ba korar mu ake ba." Shi kuma yana ta "To Hajiya." Kuma gaskiya bai yi gudun banza ba. Na leƙa maleji sau biyu, yana tsakanin 80 da 90.

A wajajen Tashar Yari sai kawai na ji ƙarar birki, goshina ya bugi bayan kujera, ƙaramin yarona ya zame daga cinyata. Da na ɗaga kai, ganyen rake ne cike da gilashin gaba. Tarakta ce ta jawo tirela maƙare da rake, tana rarrafe a tsakiyar titi, ba danja, ba fitila, ba ko ƙyallen da zai nuna akwai abu a wurin. Allah Ya sa babu mota a hannun hagunmu, yaron ya karkatar da kan motar muka goge ta gefenta. Da akwai tirela a bayanmu, da wata ce take rubuta miki wannan shafi yau.

Muka tsaya a gaba, jikin kowa na rawa. Taraktar ta iso a hankali abinta. Mai tuƙin yaro ne, ban jin ya kai shekara ashirin, sannan a can saman raken akwai wasu yara uku a zaune sun rufa da buhu saboda sanyi. Ƙanin maigidana ya fita da niyyar faɗa, Hajiya ta dakatar da shi. Ta kira yaron ta ce, "Zo nan ɗan nan. Ina fitilarka?" Ya durƙusa ya ce, "Wallahi Hajiya tun damina ta mutu, mai motar ya ce sai an sayar da rake za a gyara. Amma ai a hankali nake tafiya."

Amma ai a hankali nake tafiya. Wannan magana ita ta hana ni barci daren nan, don na san daga bakin wa ya koye ta. Wata uwa ce irina ta raka shi ƙofar gida ta ce ya bi sannu, ya kuma bi umarninta.

Da yawanmu mun san cewa doka ta ƙayyade iyakar gudu. Littafin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ya ce ƙaramar mota ta gida kada ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen titi na gudu irin wanda ake kira esfires. Bas da tasi 90 ne iyakarsu a irin wannan titi, tirela da tanka kuwa 60. Tun daga 1 ga Fabrairun 2017 ma hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar da ke hana mota wuce ƙa'ida. Wannan duk mun sha ji a rediyo.

Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne dokar tana da ƙasa kamar yadda take da sama. Dokokin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012 sun ce a kan esfires mota kada ta yi ƙasa da kilomita 45 a awa, sai in an kafa allon da ya nuna wani adadi daban. Sun kuma hana wasu abubuwa hawa irin wannan titi ɗungurungum: injinan noma, kurar turawa, keke, ƙananan babura, da dabbobin da ake korawa a ƙasa. Dalilin duka ɗaya ne, ba za su iya tafiya daidai da sauran ba.

Har allo gare ta. Idan kin ga da'ira mai jan baki da lamba a ciki, wannan iyakar sama ce, kada a wuce. Idan kuwa da'irar shuɗiya ce, lambar fara, to ƙasan ke nan, kada a gaza. Tambayi duk wanda ya yi makarantar koyon tuƙi ta gaskiya, an nuna masa. Ni dai a iya tafiye-tafiyena tsakanin Zariya da Kano idona bai taɓa sauka a kan shuɗin allon nan ba, shi ya sa ban ga laifin uwar da ba ta san da shi ba.

To me ya sa hukuma za ta ce wa mutum dole ya ƙara gudu? Ai mun taso da cewa sannu ba ta hana zuwa. Gaskiya ne, a hanyar da kowa ke tafiya sannu. Matsalar tana tasowa ne idan aka haɗa mai sannu da mai sauri a layi ɗaya, domin abin da ke haɗa mota da mota ta baya shi ne bambancin gudun da ke tsakaninsu.

Ki ɗan ajiye aikin hannunki mu yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa ɗaya. A ce a gabanta akwai wata mota mai gudun 60. Bambancinsu 40 ne, wato ta baya tana matsowa da kamar mita 11 a daƙiƙa. In direba ya hango ta daga nisan mita 100, kimanin tsawon filin ƙwallo, yana da daƙiƙa tara kafin ya cim mata. Daƙiƙa tara ta isa ya ɗaga ƙafa, ya dubi madubi, ya sa sigina, ya wuce lafiya.

Yanzu cire motar nan ki sa tarakta mai gudun 20. Bambancin ya koma 80, yana matsowa da mita 22 a daƙiƙa. Filin ƙwallon nan zai ƙare a daƙiƙa huɗu da rabi. Wannan fa da rana ke nan, ido na gani tangaran. Da dare ƙaramar fitilar mota ba ta cika haska abin da ya wuce mita 50 zuwa 60 ba, ga hazo, ga hasken motocin ɗaya hannun yana kashe ido. Abin da ya rage masa bai kai daƙiƙa uku ba. Kuma kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane cewa wannan duhun da ke gaba abu ne, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a birki, daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta tafi. Ki ƙirga da bakinki: ɗaya, biyu. Iyakar abin da ya tsaya tsakaninmu da raken nan ke nan.

Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ba a ganinta nan take. Abu mai rarrafe yana tara layi a bayansa. Direbobi biyar, goma, kowa ya ƙosa, kowa yana leƙe. A tagwayen titi sai kowa ya yi ta faɗawa hannun hagu ba shiri, gaban wanda ya taho a guje. A ƙananan hanyoyinmu masu hannu ɗaya, irin waɗanda ke shiga Makarfi da Ikara da Hunkuyi, abin ya fi muni, don wanda ya gaji da bin bayan amalanke zai fita ya wuce a kan kwana ko a hawa, ya yi gaba da gaba da mai tahowa. Mai amalanken ya wuce abinsa lafiya, wataƙila har ya isa gida bai san abin da ya faru a bayansa ba.

Ba yau aka gano wannan ba. A 1964 wani mai bincike a Amurka, David Solomon, ya bi diddigin direbobi kusan dubu goma da suka yi haɗari a hanyoyin karkara. Ya tarar waɗanda suka fi tsira su ne masu tafiya kusa da gudun da yawancin motocin hanyar ke yi. Masu wuce sauran sosai haɗarinsu ya fi yawa, masu gaza sauran sosai su ma haka. Daga baya wasu masanan suka sake duba lamarin, suka ce da yawa daga cikin masu sannun nan ba tafiya suke yi miƙe ba, masu shigowa titi ne ko masu shirin fita daga kansa. Wannan gyara ya rage wa binciken ƙarfi ta wani gefen, amma ni da na karanta sai na ga kamar titinmu ake kwatantawa. Ina ne aka fi kwasar gawa a hanyar Zariya zuwa Kano? Tambayi kowane direba, zai ce miki mahaɗa da wurin juyawa, inda mai babur ɗauke da buhu biyu ke shigowa a hankali gaban motar da ta taho da ɗari.

Ƙasashe da dama sun ɗauki matakinsu. A Jamus, duk abin hawan da ƙirarsa ba ta ba shi damar wuce kilomita 60 a awa ba, ba shi da izinin hawa manyan titunansu na gudu. A Faransa, in hanya a buɗe take kuma gari garau, ba a yarda ka zauna a layin ƙarshe na hagu kana ƙasa da 80 ba. Abu Dhabi ta taɓa kai abin maƙura: a 2023 ta ce a layuka biyu na hagu na titin Sheikh Mohammed bin Rashid kada a yi ƙasa da 120, wanda ya gaza tarar dirhami 400. A 2025 suka janye dokar. Na kawo wannan ne don ki ga cewa su ma masu kuɗin suna gwadawa suna gyarawa, kuma ƙasan da aka ɗaga ya yi sama da yawa shi ma wata matsalar ce. Namu 45 ne kacal. Duk motar da ke da lafiya za ta yi shi ba tare da ta yi nishi ba.

A nan dole in tsaya in ja kunne, don na san akwai 'yan samarin da ke karɓar wayar iyayensu mata su karanta shafin nan. Kada wani ya je ya ce Anti ta ce gudu ya halatta. Gudun wuce sa'a shi ne babban mai kisa a hanyoyinmu, jiya da yau. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na cin rayuka kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Da ƙanin maigidana ya ƙure maleji a daren nan kamar yadda wasu ke yi, birki ba zai cece mu ba. Kuma dokar 45 ba ta aiki a inda hali bai bari ba. In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko hazo ya rufe gaba, ko an shigo gari irin Tashar Yari da Kwanar Dangora inda mutane ke tsallaka titi da tallan rake, kowa sassautawa zai yi, kuma daidai ne, tunda gaba ɗaya aka sassauta. Abin da ake gudu shi ne mutum ɗaya ya zama dutse a tsakiyar rafi.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar Makarfi da Kudan ƙasar rake ce, kowa ya sani, daga nan ake lodinsa zuwa garuruwa masu nisa. Ikara da kewayenta ga tumatir ga barkono ga masara. Daga kaka zuwa ƙarshen rani amfanin nan dole ya bar gona ya isa kasuwa, kuma a kan me zai tafi? Tarakta, amalanken shanu, a-kori-kurar da ta ga jiya ta ga yau, babur mai ƙafa uku da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa. Masu jan su kuwa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Lokacin ɗibar rake kuma ya faɗo daidai lokacin hazo. Tun da aka sake gina titin, aka buɗe ɓangaren Zariya zuwa Kano a 2023, ramukan da a da ke tilasta wa direba taka birki sun tafi, motoci sun samu sarari. Gudun motoci ya ƙaru, gudun shanu yana nan inda yake tun zamanin kakanninmu. Tazarar nan da muka lissafa ɗazu faɗaɗa ta yi.

Ba zan zauna a Kano in ce manomi ya daina hawa titi ba. Ina zai bi? Wanda gonarsa ke wancan hannun, gidansa na wannan hannun, ba shi da fiffike. A ƙasashen da suka hana tarakta hawa titin gudu, sun yi mata tata hanyar a gefe. Mu an rubuta hanin a takarda, hanyar gefen kuwa a yawancin wurare babu ita. A ganina wannan bashi ne a wuyan hukuma, kuma ya kamata duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'ar matan Kudan da Makarfi da Ikara ya ji tambayar daga bakinmu, a maimakon mu karɓi atamfa da sabulu mu yi guɗa. Amma kafin ranar ta zo, yaranmu gobe ma za su fita.

Abin da ke hannunki, uwar mai tarakta ko mai amalanke, ya fi yadda kike zato. Na farko lokaci. Lodin da bai tashi da hantsi ba, in ya kai la'asar sakaliya, ya kwana a gona. Raken da ya kwana ba ya lalacewa. Na san mai kaya zai matsa, na san ana son a riski kasuwa da sassafe, amma ke kika haife shi, maganarki tana da nauyin da ta mai kaya ba ta da shi. Sai kuma haske. Kafin ya fita, ki ce ya kunna danjar ki gani da idonki, kamar yadda kike duba ko ya ci abinci. Amalanke ba ta da batir, to akwai sitika mai ƙyalli, ja da fari ko ja da rawaya, irin wadda kike gani a bayan tireloli. Masu kayan gyaran mota suna sayar da ita. Fitilar mota na dukanta take walƙiya tun daga nesa, ta mayar wa direba daƙiƙun nan da duhu ya ƙwace masa. A Amurka akwai wasu mutane da ake kira Amish waɗanda har yau keken doki suke hawa. Yawancinsu suna liƙa wani alwatika mai ruwan lemo da jan baki a bayan keken, alamar da aka ƙirƙiro a jihar Ohio tun farkon shekarun 1960 don taraktocin manoma. Duk direban da ya hango shi ya san abin da ke gabansa rarrafe yake. In mai keken doki a can ya yi, mai shanu a Taba ma zai iya.

In lodin ya zarce bayan tirela, kamar yadda rake ke yi, a ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa, sitikar kuma a sa ta inda ganye ba zai rufe ta ba. Ya riƙe can gefen dama, kada ya kuskura ya hau layin hagu sai in zai juya, shi ma sai ya tsaya ya ga hanya ta yanke sarai. Kada ya bi hannun da ba nasa ba don ya rage nisa zuwa wurin juyawa. Yaran nan kuma da ke ɗarewa saman kaya, don Allah a sauke su. Har yanzu in na rufe ido ina ganin ukun nan a cikin buhu. Da mun daki tirelar, su ne za su fara faɗowa kan kwalta.

Sai mu, matan da muka fara riƙe sitiyari. Alhamdu lillahi yanzu muna da yawa, malamai da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Zariya da Kano da Kaduna. Zan faɗi laifina da bakina. Farkon hawana babban titi, tsoro ya sa na maƙale a layin hagu, jikin shingen tsakiya, ina tafiya da 40. A tunanina can ne mafaka, tunda babu babur, babu mai tsallakowa daga gefe. Motoci suna ta danna mini ham, suna zagaye ni ta dama, ni kuma ina ce musu marasa tarbiyya a zuciyata. Ashe ni ce na tare hanya. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, layin dama shi ne na tafiya, na hagu na wucewa ne, ka wuce ka koma. Duk wanda ya tilasta wa mutane wuce shi ta dama ya jefa su inda direba bai cika gani da kyau ba, kuma inda masu tsayawa da masu shigowa suke.

Don haka 'yar'uwa, in hannunki bai faɗa ba har za ki iya riƙe 60 ko 70 hankali kwance, ki ƙara kwana biyu a cikin gari tukuna, ko ki sa wanda ya ƙware ya zauna a gefenki da rana, ranar da ba kasuwa. Babu abin kunya a ciki. In kin hau, ki zauna a dama. In za ki shigo daga ƙaramar hanya, ki jira sarari mai faɗi, in kin shigo kuma ki taka mota ta ɗauki gudun titin da wuri, kada ki shigo kina lallaɓawa kamar mai shiga ɗakin surukai. In za ki fita, sigina tun da nisa, sannan ki fara ragewa. Waya kuma a jaka. Na lura da yawan masu tafiyar hawainiya a layin hagu, in kika leƙa, waya ce a kunnensu.

Mafi hatsarin sannu ita ce tsayawa cak. Mota ta lalace a kan kwalta, gudunta sifiri, bambancinta da mai tahowa ɗari cif. In hakan ta same ku, ko a motar gida ko ta haya, a tura ta ta sauka daga titi gaba ɗaya in da hali. A kunna fitilun nan huɗu masu ƙyaftawa. A kai alwatikan gargaɗi, wanda direbobi ke kira sikoshin, can baya da nisa, ba a gindin mota ba inda sai an iso za a gan shi. Ganyen da muke zubawa a titi da rana yana ɗan taimakawa, da dare kuwa babu mai ganinsa, duwatsun da ake jerawa kuma in an tashi a kwashe su, don su ma sun kashe masu babur. Ke kuma aikinki na farko yara. Ki fitar da su ta ƙofar dama, ku hau can gefe nesa da kwalta, kada ki bar kowa a ciki wai don yana barci ko ana sanyi. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122, kyauta ce. Ki sa ta a wayar nan da ke hannunki yanzu, kafin ki manta.

Haka in motar haya za ki shiga ko za ki sa 'yarki. Muna duba fuskar direba mu ga ko mai natsuwa ne, ba ma zagayawa bayan motar. Ki zagaya. Motar da aka danne da kaya har bayanta na shafar ƙasa, but a buɗe an ɗaure da igiya, buhuna sun rufe danja, wannan ko ta so ba za ta iya tafiya daidai da sauran ba, kuma na baya ba zai ga birkinta ba. 'Yan kamasho za su ce Hajiya saura mutum ɗaya. Ki ce kin ji, ki jira ta gaba.

Bayan mun dawo da kwana biyu Hajiya ta kira ni ɗakinta. Ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗi, ta ce in sa a sayo mata "abin nan mai walƙiya" da na yi mata bayani. Aka sayo naɗi guda. Ta ba direban da ke zuwa ƙauye ranar kasuwa, ta ce a kai wa ƙaninta a Taba, ya yanka ya raba wa duk mai amalanke da tarakta a dangi, in ya ragu a ba maƙwabta. Ta kuma sa a nemo mata gidan su yaron nan, don ta ce tana da magana da mahaifiyarsa. Jiya ƙanin maigidana zai koma Zariya, na ji ta daga tsakar gida tana raka shi: "Ka bi a hankali. Ka riƙe damarka. Danjar taka tana kamawa kuwa? Taka in gani."

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu yi maganar zaman yara a gaban mota da ɗaura bel, tunda goshin ƙaramin nawa har yanzu da ɗan kumburi.